Yadda ake amfani da madubin saiti mai jan ɗigo a lokacin ruwa

Mafarauta a Turai da Amurka sun san madubin nan, wanda ake ɗaurawa a kan bindiga yana nuna jan ɗigo a wurin da aka saita, iri biyu ne: buɗaɗɗe da rufaffe. Buɗaɗɗen ne ke ba da wahala. 'Yar fitilar da ke haska ɗigon a fili take, ɗigon ruwa guda ya sauka a kanta sai jan ɗigon ya warwatse ko ya ɓace. Karkata bindigar ka girgiza, ko ka hure wurin da ƙarfi. Rufaffe, irin na kamfanin Aimpoint, fitilarsa na cikin bututu, shi ya fi dacewa da damina.

Kafin ka fita, duba zoben robar da ke murfin batir. Idan ya tsage, ruwa zai shiga. Riƙe batir na ajiya irin wanda madubinka ke amfani da shi a leda. Alamar IPX7, ta ma'aunin jure ruwa, na nufin madubin zai jure nutsewar mita 1 na minti 30.

Idan hadari ya haɗu, rage hasken, don ɗigo mai ƙarfi yana bazuwa a kan jiƙaƙƙen gilashi. Kada ka goge da bakin riga, yashi zai karce shi. Dangwala da ƙyalle mai laushi. A gida, bar murafan gilashin a buɗe madubin ya bushe.