Kafin ku tura dodon koɗi, ku bar shi da yunwa

'Yan uwa masu kiwon dodon koɗi, ku tsayar musu da abinci kwana uku zuwa biyar kafin ku tura wa mai saye. Ku dai riƙa yayyafa musu ruwa kuna wanke wurin.

A kwanakin nan kashin cikinsu zai fita. In ba haka ba a hanya za su yi shi, kwando ya jiƙe, wari ya tashi, wasu su mutu. Mai saye kuwa da ya ji wari ciniki ya ɓaci.

Ku zuba su a kwando mai shan iska, ban da leda.

Ƙanana da raunana ba sa jure wannan yunwa, ku ware su. Sannan Amurka ta hana shigar da manyan dodon koɗin Afirka da ransu, can sai gyararre, kamar daskararre.