Idan ɗan tsuntsunka na keji yana zubar da gashi kuma jikinsa ya mutu

Abu na farko dai, don Allah kar ka shafa masa komai. Mutane da yawa da sun ga fatar tsuntsu a fili, a wuya ko a ƙeya, sai su ɗauko basilin ko man girki ko wani man ƙuraje na mutane su mulka masa da niyyar taimako, alhali mai yana manne gashin da ya rage ya hana shi riƙe ɗumi, ga shi kuma tsuntsun zai bi da baki yana gyara jiki ya haɗiye. Ƙananan tsuntsayen nan, kanari ne ko finci mai jan baki da ake ce wa zebra ko Guldiyan mai launi kala-kala, zafin jikinsu yana kai wa digiri 40 zuwa 42, kuma gashin nan shi ke tsare musu shi. Zebra gaba ɗayansa bai wuce giram 12 zuwa 15 ba, to kaga ɗan sanyi kaɗan ma ya isa ya kayar da shi.

Ka ja kujera ka zauna nesa kaɗan da kejin, inda ba zai damu da kai ba, ka kalle shi sosai. Tsuntsu yana ɓoye ciwo matuƙar ya san ana kallonsa, zai miƙe ya yi kamar lafiya lau, sai ya manta da kai sannan zaka ga gaskiya. Idan yana tsalle, yana ci, yana wanka, idonsa tar, gashi ne kawai ke zuba ka gan shi a ƙasan keji, wataƙila canjin gashi yake yi, wanda dama suna yi duk shekara, kanari yakan ɗauki wajen sati shida zuwa takwas yana yi kuma namijin yakan daina kuka a lokacin. Canjin gashi na lafiya baya barin sanƙo, tsoho na faɗuwa sabo na tsirowa, zaka ga tsinin sabon gashin fari-fari a kai da wuya. Amma idan ya kumbura gashi ya takure wuri ɗaya, yana barci da rana, ko ya sauko ƙasan keji ya zauna, ko jelarsa na motsi sama da ƙasa duk numfashin da ya ja, wannan mara lafiya ne, kuma maganar gashi ta koma baya, ransa ake nema a ceta tukuna.

Ka ware shi a ƙaramin keji shi kaɗai. Ka shimfiɗa farar takarda a ƙasa don ka riƙa ganin kashinsa, yawansa da kalarsa, in ka ga kashin ya ragu sosai ko ya koma ɗan ɗigo baƙi ko kore to baya cin abinci kenan ko da kuwa kana ganinsa a bakin kwano yana wasa da tsaba. Sandar da yake hawa ka sauko da ita ƙasa-ƙasa, ruwa da abinci ka ajiye dab da shi yadda ba sai ya tashi ba. Sai ɗumi, wanda a wurina shi ne rabin jinyar: ka nemi wajen digiri 28 zuwa 30, da ƙwan fitila mai zafi ko gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma, ka sa a gefe ɗaya kawai na kejin daga waje, ka rufe sauran ɓangarori uku da zani, yadda in zafi ya ishe shi zai matsa ɗaya gefen. In ka ga ya buɗe baki yana haki ya ware fukafukai daga jiki, zafin ya yi yawa, ka rage. In ɗakin dama da zafi ba sai ka ƙara komai ba, ka dai kare shi daga iskar fanka da ta taga.

Ba yanzu ne lokacin canja masa abinci ba, ka ba shi tsabar da ya saba da ita wadda ya fi so, ya dai ci, domin tsuntsu mai wannan ƙanƙanta ba ya jure yini guda cur ba ci. Kuma ka hure ɓawon da ke saman kwanon kullum, sau da yawa kwano a cike yake a ido amma duk ɓawo ne.

To yanzu sai neman dalili. Wanda ya fi yawa, musamman ga masu zebra, ɗan'uwansa ne ke fige shi. In sanƙon yana ƙeya, ko bayan wuya, wato wuraren da bakinsa ba zai kai ba, kuma fatar fes take ba ja ba ɓawo, to akwai mai yi masa a kejin. Cunkoso ke jawo haka, ko namiji mai neman kayan sheƙa da bai samu ba sai ya koma cirar gashin macen, wani lokaci ma iyaye su fige 'ya'yansu don suna so su sake ƙwai. Maganin wannan rabuwa ce kawai, gashin da aka cire daga tushe yakan dawo cikin sati huɗu zuwa shida. Wanda ya karye kuwa tushensa na ciki, sai canjin gashi na gaba.

Na biyu ƙuma. Akwai wata ja da bata kwana a jikin tsuntsu, da rana tana ɓuya a tsagar katako da ƙarshen sanda da cikin sheƙa, da dare ta fito ta sha jini, shi yasa zaka duba tsuntsun da rana baka ga komai ba amma kullum yana ramewa yana susa, da dare baya samun barci. Ka lulluɓe kejin da farin ƙyalle da daddare, da asuba ka ɗaga ka duba, in akwai zaka ga ɗigo-ɗigo ja ko baƙi masu motsi, in ka murje su jini ya fito. Wannan ƙumar tana iya yin watanni a keji ba tare da ta ci komai ba, kuma daga ƙwai zuwa babba kusan sati ɗaya ne, saboda haka yi wa tsuntsu magani kaɗai aikin banza ne, dole ka fitar da shi, ka wanke kejin da ruwan zafi da sabulu lungu-lungu, ka zubar da sheƙa da tsofaffin sanduna, ya bushe ƙarau, bayan sati ka maimaita. Akwai kuma wata da ke shiga fatar ƙafa da gefen baki ta bar ɓawo fari mai kauri, da wata da ke zama a cikin hanyar numfashi, wadda ta fi damun Guldiyan da kanari, ita in ka kara tsuntsun a kunnenka wuri shiru zaka ji yana ɗan ƙas-ƙas in yana numfashi, muryarsa ma ta dishe.

Maganin da likitocin dabbobi ke bayarwa na waɗannan yawanci ivermectin ne ko moxidectin, ɗigo a fatar bayan wuya, amma wallahi kar ka ɗauko na shanu ko na kaji ka ɗiga da ka, ƙarfinsa ba na halitta mai giram 15 ba ne, sai an sirka an auna, kuma likita ne zai faɗa maka awon da ranar da za a maimaita. Maganin ƙwari na feshi a ɗaki kuwa ko kusa da shi kar ya je, haka hayaƙin maganin sauro da na sigari da turare, da hayaƙin kaskon suyar nan na zamani mara kamu, wanda abinci baya manne masa, in ya yi zafi da yawa, wannan na ƙarshen yana kashe tsuntsu cikin mintuna.

Na uku abinci, kuma shi ne ke kama tsuntsu a hankali ba a lura ba. Gashi kusan duka furotin ne, tsaba zalla kuma bata da isasshen furotin ɗin da ake buƙata, bata da isasshen bitamin A da kalsiyam, sai ka ga canjin gashi ya ƙi ƙarewa, sabon ya fito a dushe yana karyewa. Da zarar ya fara ci da kyau ka ƙara masa dafaffen ƙwai da aka marmashe, ɗan kaɗan, ka ɗauke ragowar bayan awa biyu zuwa uku kafin ya lalace, da ganye kore wankakke da gurzajjen karas, da ɓawon ƙwai dafaffe dakakke. Fiya da cakulan da abu mai gishiri ba nasa ba ne sam. Sannan barci, wannan ma ana raina shi, tsuntsun da ke falo fitila da talabijin a kunne har tsakar dare jikinsa yakan rikice ya yi ta zubar da gashi ba ƙaƙƙautawa, ka sama masa duhu da shiru na awa 10 zuwa 12 kullum a lokaci ɗaya.

In ka kama shi don dubawa ka yi da sauri, kansa tsakanin yatsu biyu, bayansa a tafin hannunka, kar ka matse ƙirji domin da shi yake numfashi. Ka shafa ƙashin ƙirjin, in ya fito da kaifi ba tsoka gefe da gefe to ya jima yana ramewa. Ka hura gashin ciki ka ga ko ya kumbura, ka duba ko kashi ya manne a duburarsa, in ya manne ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka goge. Wanka ka ɗaga masa har sai ya dawo da kuzari.

Akwai lokacin da jinyar gida bata isa ba. Fata ta yi ja ko ɓawo ko ƙurji, numfashi da baki buɗe, jini, mace ta zauna ƙasa ciki a kumbure tana nishi kamar ƙwai ya maƙale, ko ya kwana ɗaya a ɗumi bai farfaɗo ba, duk wannan na likita ne a ranar, domin cutar fata ta fangas da wasu ƙwayoyin cuta ba a gane su sai an kankari fatar ko an duba kashi a madubin likita. Ka tafi da shi cikin ƙaramin kejinsa a lulluɓe, da takardar kashin daren jiya ba tare da ka canja ta ba. Sauran tsuntsayen da suka zauna tare da shi ka sa musu ido, in ƙuma ce dukkansu za a yi wa magani lokaci guda, shi kuma kar ka mayar da shi cikinsu sai gashin ya rufe fatar gaba ɗaya, in ba haka ba da sun ga tsinin sabon gashi za su sake bin shi da tsinka.