Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da tsohuwar mota ta lantarki mai janareta

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu tsofaffin motoci a Legas, daga Agege har Idi-Araba, suke tambayar ko za a iya sauke injin fetur a ɗora na lantarki, sannan a ajiye ƙaramin janareta a but domin ya riƙa ciyar da batir idan caji ya yi ƙasa. Abu ne mai yiwuwa, kuma Mustapha Gajibo ya riga ya mayar da ƙananan motocin bas na lantarki a Maiduguri. Sai dai yawancin masu yin asara a wannan aiki tun a lissafin farko suke yin ta, kafin bakanike ya kwance ƙusa ko ɗaya.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar janaretan gida a matsayin wanda zai iya jan mota. Duk mai sayen wuta a mita ya san yunit, to da shi za a yi lissafin. Ƙaramar mota tana cin yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100, shi kuwa janareta mai ƙarfin kilowat 3 yunit 3 kacal yake bayarwa a awa guda, tun ba a cire abin da yake salwanta a caja ba. Gadar Third Mainland ba ta cika kilomita 12 ba. Idan hanya a buɗe take, mota za ta haye ta cikin kamar minti goma ta cinye wajen yunit 2, alhali janaretan bai samar da fiye da rabin yunit ba. Ke nan batir ne yake ɗauke da motar, janareta kuwa ɗan taimako ne da amfaninsa yake fitowa a cikin cunkoso ko bayan an faka. Kamfanin BMW da ya sa irin wannan tsari a motarsa i3, inji mai silinda biyu da ke ba da wajen kilowat 25 ya yi amfani da shi, ita kuwa Chevrolet Volt, wadda ɗan Sakkwato Jelani Aliyu ya zana samfurinta, injin mota sosai mai lita 1.4 aka fara sa mata. Gyaran a nan shi ne mutum ya auna tafiyarsa ta kullum, ya sayi batir da zai kai shi ya dawo da shi gida da rara, ya bar janareta don ranar larura.

Akwai kuma masu zaton ko da janaretan za su rage kuɗin mai. Ba kasafai ƙaramin janareta yake fitar da fiye da yunit 2 daga litar fetur ɗaya ba, don haka kilomita 100 za ta ci lita 8 zuwa 10, wato kusan abin da tsohuwar Corolla take sha da injinta na asali. Riba tana wajen caji da wutar gida ko ta sola. Shi kuwa zancen ɗaura altaneta, wato na'urar da ke cajin batir a mota, a taya don mota ta riƙa cajin kanta tana tafiya, a bar shi gaba ɗaya, domin ƙarfin da yake juya altanetan daga batirin yake fitowa, kuma abin da yake komawa bai kai wanda ya fita ba.

Daga nan sai zaɓen batir, inda arha take jan mutane zuwa batiran inbata masu dalma da suka cika kasuwar Alaba. Guda ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4, nauyinsa wajen kilo 60, kuma rabin cajinsa ake so a ci idan ana son ya yi ƙarko. Wanda yake neman yunit 20 na amfani zai loda batir goma sha bakwai ko fiye, nauyin da ya kai tan guda, a kan motar da sifirin da birkinta ba a yi su don haka ba. Batirin lithiyam shi ya dace, musamman nau'in LFP da ya fi jure zafi, amma da sharaɗin a haɗa shi da na'urar da ke lura da kowane ɗan batir, ta yanke wuta idan caji ya wuce kima ko zafi ya yi yawa. Wanda ya tsallake wannan na'ura don rage kuɗi ya ajiye gobara a ƙarƙashin kujerarsa. Batiran tokumbo da ake cirowa daga Nissan Leaf su ma a gwada su da caji da saukewa kafin a biya, domin ba su da tsarin sanyaya na ruwa, zafi kuma yana tsufar da su da wuri. Shekarar da mai sayarwa ya faɗa ba hujja ba ce.

Abin da ake yawan mantawa shi ne injin fetur ba tayoyi kaɗai yake juyawa ba. Shi yake zuƙe iskar da ke sa birki ya yi laushi, shi yake juya famfon sitiyari da na esi, shi kuma yake cajin ƙaramin batir na fitilu da hon. Da zarar an sauke shi birki zai yi tauri bayan taku biyu ko uku, abin da babu mai son ya gano a bayan tirela a hanyar Apapa. Dole a sa famfon birki na lantarki da ɗan tankinsa, da na'urar da ke rage wutar babban batir zuwa bolt 12. Mota mai giyar hannu ta fi sauƙin wannan aiki a kan mai otomatik, kuma gara a duba tsatsar ƙasanta tun kafin a shiga kasuwar Ladipo sayen kaya.

Kuskuren da yake kisa kuwa shi ne kunna janareta a cikin but a rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma but da cikin mota iska ɗaya suke sha ta bayan kujera. Mazauna Legas sun sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya hallaka suna barci. A ɗora shi a kan ƙarfe a wajen mota ko a ƙaramar tirela, salansarsa ta fuskanci baya, tankinsa kuma ya yi nesa da batir.

Haɗa wutar ma ba aikin kowane mai gyaran wayar mota ba ne, tun da wanda ya saba da bolt 12 zai tarar da bolt 100 zuwa 400 a nan. Ana buƙatar fis na irin wannan wuta, da makunnin yanke ta kusa da hannun direba, da manyan wayoyi masu launin lemo a cikin bututu. A damina ruwa yakan kai ƙofar mota a Lekki da Mile 12, saboda haka akwatin batir ya zama a toshe, kada kuma a rataye shi ƙasa da ƙirjin mota. Bayan an gama a je ofishin lasisin motoci a gyara takardu, tun da lambar injin da ke cikinsu ta tafi da tsohon injin, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce.