Yadda ake zaɓen katin Wi-Fi da zai yi aiki da Linux a laptop

Abin da mai saye zai duba shi ne cip ɗin da ke cikin katin, domin da shi Linux ke hulɗa, sunan da ke jikin kwali kuwa bai cika faɗin gaskiyar abin da ke ciki ba. Kafin a fitar da kuɗi, a buɗe tagar umarni (terminal) a rubuta lspci -nnk domin ganin katin da ke ciki da direban da yake amfani da shi, wato manhajar da ke sarrafa katin, sannan a rubuta uname -r domin sanin lambar kanel, wato zuciyar tsarin Linux.

Daga nan sai a kwance murfin ƙasa a duba ramin katin. Kwamfutocin zamanin nan suna da ramin M.2 mai girman 2230, tsofaffi kuma mini PCIe, wasu sirara ma an like musu katin a jikin babban allon cikin kwamfutar (motherboard), babu halin canji. A lura da wayoyin eriya guda biyu, galibi baƙa da fara, masu kai kamar ɗan maɓallin riga: na M.2 sun fi ƙanƙanta, saboda haka na tsohon rami ba sa kama sabon kati.

A ganina katunan Intel sun fi kwanciyar hankali, tunda direbansu iwlwifi yana cikin kanel ɗin kansa. AX200 yana aiki tun daga kanel 5.1, AX210 kuma daga 5.10. Sai dai akwai tarko a nan, domin AX201 da AX211, duk da kamanninsu da waɗancan, an raba aikinsu ne da furosesan Intel, don haka idan aka saka su a kwamfuta mai AMD ko alamarsu ba za a gani ba. Broadcom gara a kauce masa, saboda da yawa daga cikin katunansa sai da rufaffen direba (wanda kamfanin bai bayyana yadda aka rubuta shi ba), wanda kan daina aiki bayan an sabunta kanel. Wanda ba ya son rufaffiyar manhaja ko kaɗan zai iya neman Atheros mai direban ath9k, amma gudunsa bai wuce na tsohon ma'aunin Wi-Fi na 802.11n ba.

Wasu tsofaffin ThinkPad da HP suna ƙin tashi idan aka saka katin da ba ya cikin jerin da BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) ta yarda da shi, don haka a bincika samfurin tukuna. Bayan an saka, a danna kan eriyar a hankali da farce har ya kama, a gwada Wi-Fi da Bluetooth duka kafin a mayar da murfin.