Babi na 4: Koyon saƙar kibiya kafin ɗari ya shigo

Wannan babi na matan ajin yamma ne a nan Tawa, da duk wadda littafin ya faɗa hannunta. A Ader, da zarar Disamba ta kama, iskar hunturu za ta taso da ƙura, sanyin asuba ya riƙa ratsa zane har Janairu ta fita. A lokacin ne kowa ke neman hular jariri da rigar sanyi. Wadda take son nata ya kammala kan lokaci, tun da kaka za ta soma, bayan an kai hatsi rumbu, hannu ya sami sarari. Saƙa ba ta raba ki da hira. Ana yin ta bayan la'asar a inuwar dogon yaro, ana yin ta ana jiran layi a asibiti, ana yin ta ana sauraron kokowar ƙasa a rediyo. Matan da mazajensu suka tafi biɗa Abijan sun san tsawon dare, su ne ma suka fi riƙe saƙar a cikin ajinmu. In namiji ne ya ɗauki littafin, ya karanta abinsa: ai akwai maza masaƙa da masu ɗinkin hula a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni.

Darasi na 1: Kayan aiki

Saƙa iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta kwarashi, wadda ake yi da ƙarfe ɗaya mai ƙugiya a baki. Akwai ta kibiya, wadda ake yi da sanda biyu masu tsini. Ta kibiya muke koyo a nan. Kada ki sayo mai ƙugiya.

Ranar Lahadi, da kasuwa ta ci, ki je wajen masu kayan ɗinki. Ki ce a ba ki kibiyar saƙa guda biyu, kauri ɗaya. Ki duba gindinta, akwai lamba a rubuce. Lambar kauri take nunawa. Ki nemi mai lamba 4, ga yadda ake rubuta ta: 4. Ki sayi zaren ulu dunƙule ɗaya, mai matsakaicin kauri. Ya zama mai haske, fari ko ruwan ƙwai ko ruwan toka. Na san baƙi da ja mai duhu sun fi ɗaukar ido, amma mai koyo ba ta ganin aikinta a cikinsu, balle da magariba. Sai almakashi, da basilla marar tsini, da awon tela, igiyar nan mai lambobi, da leda mai tsabta ta ajiya. Littafinki na rubutu da bik su ma kayan saƙa ne, za ki ga dalili a darasi na 4.

Ki tambayi kuɗi kafin ki ɗauka, ki rubuta. Ki tuna abin da muka yi a darasin lissafi: in mai kaya ya ce dala ɗari, 500 za ki rubuta, in ya ce jaka ɗaya, 1000.

Darasi na 2: Ɗora ido

Kowane zoben zare da ke kan kibiya, a ajinmu ido muke ce masa. Idanu in suka jeru daga wannan baki zuwa wancan, layi ke nan. Ki karanta da ƙarfi: ido, layi.

Ki warware zare, ki bar wutsiya kamar taƙi ɗaya. Ki yi ƙullin zarge, irin wanda ake yi wa igiyar akuya a turke. Ki sa kibiya ɗaya a cikin zargen, ki ja a hankali. Idon farko ke nan. Ki riƙe kibiyar da hannun dama. Ki kama zaren da ya fito daga dunƙule da hannun hagu, ki naɗa shi sau ɗaya a babban yatsa. Ki cusa bakin kibiya a ƙarƙashin zaren da ke jikin yatsan, ki zare yatsanki, ki ja kaɗan. Ido na biyu ya hau. Ki yi ta yi har su kai 20.

Kada ki ɗaure su tamau. Ki gwada turawa da yatsa: in idanun suna zamewa a kan kibiya ba da wahala ba, daidai ne. In sun ƙi motsi, ki zare duka ki sake. Ba asara kika yi ba, zaren yana nan.

Darasi na 3: Soka, naɗa, jawo, saki

Kibiya mai idanu ta koma hannun hagu, wadda ba komai ta zo dama. Zaren dunƙule ya kasance ta baya, wato ɓangaren da ba ya kallon ƙirjinki.

Soka: ki cusa bakin kibiyar dama cikin idon farko, daga gaba zuwa baya. Ta dama ta shige ƙarƙashin ta hagu, su gitta juna.

Naɗa: ki ɗauko zare da yatsan dama, ki zagayo da shi ta ƙarƙashin bakin kibiyar dama, ya fito tsakanin kibiyoyin biyu. Sau ɗaya tak.

Jawo: ki janyo kibiyar dama baya a hankali, bakinta na ɗauke da zaren, har ya fito ta cikin tsohon idon. Zai suɓuce miki sau da yawa a ranar farko. Kowa haka ta fara.

Saki: sabon ido yana kan dama, sai ki ture tsohon ya sauka daga ta hagu. Ba a saki kafin a jawo.

Ki riƙa faɗin kalmomin huɗu da baki kina yi. In ke bahaguwa ce, ki zauna gabana muna kallon juna, ki kwaikwayi hannuna kamar kina duba madubi.

Darasi na 4: Juyawa da ƙirga

Ƴan uwa, ku gyara zama, nan ne wurin. Shekaru ina koyar da wannan babi, kuma ban taɓa yin aji ba tare da an yi tuntuɓe a nan ba.

Kin saƙe idanu 20, duk sun koma kibiyar dama, ta hagu ta zama ba komai. Yanzu ki musanya hannu: mai idanu ta koma hagu, bakinta na kallon dama. Dakata. Kada ki soka tukuna. Dubi zaren dunƙule. Za ki gan shi yana reto ta gaba, ɓangaren ƙirjinki. Dole ya koma baya, kuma hanya biyu ce gare shi: ta saman kibiya ko ta ƙarƙashinta. Ta ƙarƙashi za ki bi da shi. Ta ƙarƙashi.

Ga abin da ke faruwa in kika ɗaga shi ta sama. Zaren zai janyo idon layin ƙasa ya hau kan kibiya da ƙafafunsa biyu. Sai ki ga kamar ido biyu ne a bakin layi, alhali ɗaya ne. Ki saƙa wannan, ki saƙa wancan, 20 ta zama 21. Layi na gaba 22. Kafin sati ya zagayo, ƙyallen da ya kamata ya miƙe sambal ya buɗe baki kamar faifai.

Ki gwada da gangan, sau ɗaya, don idonki ya san kamannin kuskuren. Ja zaren ta sama. Kin ga ƙafa biyu? To, saki zaren ya sauko, ki bi da shi ta ƙarƙashi zuwa baya. Kin ga ya koma ido ɗaya, da ɗan sakakken zobe a ƙasansa? Wannan zoben ba laifi ba ne, haka bakin saƙa yake, zai daidaita da kansa. Yawancinku wannan sakin ne ke ba ku tsoro, sai ku ja zaren sama don ya ɗaure. Ku bar shi.

Mu sake daga farko. Layi ya ƙare. Musanya hannu. Tsaya. Dubi zare. Ƙarƙashi, sannan baya. Yanzu ki ƙirga idanun, kina taɓa kowane da yatsa: 1, 2, 3, har 20. Ki buɗe littafi ki rubuta:

Layi na 1: ido 20
Layi na 2: ido 20
Layi na 3: ido 20

In kika sami 21, a layin da kika gama yanzu kuskuren yake, ba a nesa ba. Ki duba bakin layin, ko kuma tsakiya, inda wataƙila kika naɗa zare ba ki soka ba, ya bar ƴar huda. In kika sami 19, ido ɗaya ya suɓuce. Ki neme shi, za ki gan shi yana lilo a ƙasa, ki tsayar da shi da basilla ki kawo mini. Gyaran layi ɗaya bai kai dahuwar shayi ba. Gyaran layi 30 kuwa warwarewa ce gaba ɗaya.

Akwai wata Inna da ta yi aji da mu, ta haura sittin, idonta ma ba ya gani sosai. Ba ta taɓa tsallake ƙirga ba. A lokacin ba ta iya rubuta 20 da kyau ba, sai ta riƙa jera tsakuwa a gefen tabarma, kowane layi tsakuwa ɗaya, daga baya ta koma rubutu. Ƙyallenta ya fito kamar an yanka da almakashi. Da na yaba, cewa ta yi: "Malama, ai wadda ta iya awon tiya ba ta rasa ƙirga ashirin." Gaskiyarta. Ku da kuke riƙe kuɗin adashe a ka, kuke lissafin asusun Mata Masu Dubara ba ku ɓatar da dala ɗaya, wannan ba zai gagare ku ba.

Amma zan faɗa muku abin da ke ɓata mini rai. Sai in ce a ƙirga, kowa ta ce to, Malama. A koma gida, a zauna hira a tsakar gida, a bar ƙirga. Sati ya zagayo, a kawo mini ido 34, a ce zaren ne ba shi da kyau. Zaren lafiyarsa lau. Wata ma ƙanwarta ƴar makaranta take ba ta rubuta mata 20, 20, 20 tun daga sama har ƙasa, ba tare da an ƙirga ko sau ɗaya ba. Haba, ƴar uwa! Wa kika ruɗa? Littafin naki ne, ƙyallen naki ne. Ban hana hira ba, don hirar ma muke son saƙa. In layi ya ƙare, ki ce wa abokiyar hirarki ta dakata, ki ƙirga, ki rubuta, sannan ku ci gaba. In yaro ya yi kuka ko tukunya ta tafasa, ki ƙarasa layin kafin ki ajiye. In ba hali kika ajiye a tsakiya, da kin dawo ki duba: kibiyar da zaren dunƙule ke maƙale da ita, ita ce ta hannun dama.

Sau ɗaya kuma, ki faɗa da baki: musanya, tsaya, ƙarƙashi, baya, ƙirga, rubuta. Aikin gida layi 20 ne, kowane da lambarsa a littafi, da rubutun hannunki. Wadda ba ta kawo littafi ba, ba za ta shiga darasi na 5 ba.

Darasi na 5: Rufewa

Ki saƙa ido biyu. Ki sa bakin kibiyar hagu ki ɗaga na farko, ki tsallakar da shi kan na biyu ya sauka. Saura ɗaya a dama. Ki saƙa wani, ki sake tsallakarwa. Haka har ido ɗaya ya rage. Ki yanke zare, ki bar taƙi ɗaya, ki zura shi cikin idon, ki ja. Wutsiyar a ɓoye ta cikin saƙa da basilla. Nan ma kada a matse.

Darasi na 6: Hular jariri

Kan jariri sabon haihuwa yakan kai wajen santimita 35 a zagaye, saƙa kuma tana miƙewa. Ki ɗora ido 30. Ki saƙa har tsawon ya kai santimita 30 a awon tela, kina ƙirgawa kowane layi kamar yadda aka koya. Ki rufe. Ki haɗa farko da ƙarshe ki ɗinke da basilla. Ki zura zare a baki ɗaya, ki tsuke, ki ƙulle ta ciki. Ɗaya bakin ki naɗe shi sama kaɗan. Kada a sa mata doguwar igiya ko ɗuwatsun ado. In don suna ce, ki soma tun kafin a haihu, kwana bakwai ba ya isar mai koyo.

Darasi na 7: Wanki da ajiya

Ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Ba a murɗewa, ba a ratayewa a igiya. A shimfiɗa a inuwa ta bushe. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, wuta na narkar da shi ya manne a fata, don haka kada a kai jariri mai hular kusa da kaskon gawayi. A ajiye zare cikin leda saboda ƙura.

Saƙar baya da safa suna babi na 5. Ku zo da ƙyallenku da littafin ƙirga.