Ka sa makunni mai rage haske, wutar gida ta rikice: inda aka fi yin kuskure

Makunnin nan da ake murzawa don rage hasken fitila, wanda masu wayarin ke ce wa dima, ɗaura shi ba wuya, wayoyi biyu ne ko uku. Amma sau da yawa ana gama ɗaurewa sai ƙwai ya kama ƙyaftawa, ko bireka ta faɗi, ko ɗakin da ba a taɓa ba ya yi duhu. Nan take sai a ce dimar jabu ce, a koma kasuwa. Mafi yawan lokaci ba ita ce da laifi ba.

Kafin ka sake kwance ta, kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta. Ana iya kawo ta hannunka na kan waya, kuma bolt 230 ba abin wasa ba ne. Kashe birekar layin, ka tabbatar janareta da inbata ba sa ba layin wuta, sannan ka gwada da testa. Ita ma testar ka fara gwada ta a wurin da ka san akwai wuta.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa yana wajen ƙwai. Dima ba ta rage ƙarfin wuta kamar yadda ake rage ruwan famfo. Yanka wutar take yi gunduwa-gunduwa, sau ɗari a daƙiƙa ɗaya a wutarmu mai hez 50. Tsohon ƙwai mai zare bai damu da wannan ba, zaren kawai zai rage zafi, haske ya ragu. Ƙwan LED kuwa akwai ƙaramar na'ura a gindinsa, kuma yawancin waɗanda ke shagunanmu ba a yi su don dima ba. Shi ya sa yake ƙyaftawa, ko ya riƙa ƙara kamar sauro, ko ya mutu cikin 'yan makonni. Duba kwalinsa: in ba a nuna cewa yana karɓar dima ba, to ba ya karɓa. Ko ƙwan ya dace, ita ma dimar sai ta kasance ta LED. Tsofaffin dimomi suna da ƙaramin nauyin da dole a ɗora musu, galibi wat 40 ko 60, an rubuta a bayansu. Ka haɗa ta da ƙwai ɗaya mai wat 9, ba za ta zauna lafiya ba. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka sa tsohon ƙwai mai zare. In ya yi lafiya lau, wayarinka daidai yake, ƙwai za ka canza.

In kuma ƙarar ba ta tashi sai an koma kan janareta ko ƙaramar inbata, wutar ce ba ta da tsabta. Kwance makunni ba zai gyara wannan ba.

Bireka da ta faɗi da zarar an kunna, magana ce daban. Makunnin fitila waya mai wuta kaɗai yake yankewa, ja a tsohon wayarin, ruwan ƙasa a sabo. Ta shiga ramin da aka rubuta COM ko L, wadda ke tafiya fitila ta shiga L1 ko ramin da ke da alamar igiya da kibiya. Wasu in sun ga baƙar waya ko shuɗiya a naɗe cikin akwatin sai su cusa ta a ramin da ya rage. Haɗa wuta da nutural ke nan, wato wayar da wutar ke komawa ta cikinta, kuma sau ɗaya ya isa ya ƙona dimar; daga nan ko dai ta mutu, ko ta tsaya a cikakken haske ta ƙi raguwa. Amma launi ma ba abin yarda ba ne a gidajen da mai wayarin ya yi aiki da abin da ya rage masa a nadi. Ɗauki hoto da wayar salularka kafin ka cire komai. Wani lokaci kuma sukurun murfi ne ya huda rigar waya, domin dima ta fi makunni kauri a baya, akwatin bango mai milimita 16 ba ya ɗaukarta sai an danne.

Ɗakin maƙwabtaka da ya yi duhu fa? A rami ɗaya na tsohon makunnin akwai jajayen wayoyi biyu, ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta wuce da ita gaba. Ka raba su ne, ko ɗaya ta zame. Mayar da su rami ɗaya, ka ɗaure, ka ɗan ja kowacce ka ji.

Fanka kuwa kada a sa mata dimar fitila, ko da sun yi kama da regiletar zamani. Za ta riƙa gurnani, kwayil ya yi zafi. Haka fitilar da ake kunnawa daga wuri biyu: dima ɗaya ake sawa, ɗaya gefen a bar shi makunni.

Ɗan ɗumi a fuskar dima ba komai ba ne. Amma in ta yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai, ko kana jin warin roba, ko murfin ƙarfen yana jan hannu, kashe birekar ka bar ta a kashe har mai wayarin ya zo da mita ya auna layin da wayar ƙasa.