Darasi na 7: Likita Ya Yi Bayani, Kafin A Kai Gida An Manta

Baba, Inna, kun san wannan abin sarai: an fito daga wajen likita, an hau adaidaita, kafin a kai gida rabin maganar ta bi iska. Ƙwaya ɗaya ya ce ko biyu? Kafin abinci ko bayan an ci? Wallahi ba rashin basira ba ne, kaya ne suka yi wa kai yawa lokaci guda, ga bin layi tun asuba, ga ciwo, ga tunanin kuɗin magani, ga sunan maganin da Turanci, rubutun jikin kwalin kuma ƙanana kamar ƙwayar gero, ido kuwa dama daga shekara 40 yake fara gardamar ganin na kusa.

Kuma a dawo gida a tarar da wasu masu bayanin, mai tallan magani da lasifika, maƙwabta, da saƙon murya a WhatsApp. Ku tuna 2014 lokacin Ebola, da aka yi ta yaɗa cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi wai don kariya daga cutar, mutane suka sha, wasu har suka rasa ransu, alhali gishiri babban abokin gaba ne ga mai hawan jini. Abin yana min ciwo har yau.

Toh ya za a rage wa kai nauyi? Tun daga gida a shirya tambaya uku kacal: me ke damuna, yaya zan sha maganin, yaushe zan dawo. A zuba duk kwalayen maganin da ake sha a leda a tafi da su, har na gargajiya a faɗa, kar a ɓoye. In likita ya gama a ce "Likita bari in maimaita ka ji ko daidai ne", ba raini ba ne wannan. In da jika ko ɗa mai karatu a tafi da shi. A kemis kuma a duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewar magani.

In an auna hawan jini a roƙi nas ta rubuta lambar a takarda. 140/90 zuwa sama in yana maimaituwa hawan jini ne, ko da mutum bai jin komai a jikinsa.

Aikin gida: kowa ya zo da kwalin magani ɗaya ranar darasi na gaba, za mu nemo ranar lalacewarsa tare mu kwafe ta a littafi.